Yadda Ake Gano Ciwon Damuwa da Fargaba ga Mai Ciki da Maijego, da Yadda Ake Magance Su

A ranar awo ana auna wa mai ciki jini, a ɗora ta a kan sikeli, a duba fitsari, a saurari bugun zuciyar ɗan da ke cikinta. Abin da ba kasafai ake tambayarta ba shi ne yadda take kwana da yadda take tashi, ko tana cikin walwala ko kuwa tunani ya cinye ta. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki, da kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda suka haihu, suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Ke nan a layin mata 50 da suka kawo jarirai rigakafi, ana iya samun kusan goma da ke cikin wannan hali. Babu na'urar da ke nuna ciwon. Sai an tambaya yake fitowa, kuma sai an iya tambayar.

Na rubuta wannan jagora ne domin ungozomomi da nas-nas da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci, shi ya sa nake cewa "ki". Amma miji da uwa da 'yar'uwar maijego duk za su tsinci abin da ya shafe su a ciki.

Mataki na 1: Ki rarrabe abubuwa uku da ake haɗawa wuri ɗaya

Na farko shi ne ɗan sauyin yanayin da ke zuwa kwana biyu zuwa biyar bayan haihuwa. Maijego ta yi ta kuka ba dalili, abu kaɗan ya ɓata mata rai, can kuma ta ware. Fiye da rabin mata suna yin haka, domin sinadaran jikin da suka hauhawa lokacin ciki sun faɗi gaba ɗaya, ga gajiya, ga rashin barci. Yana wucewa da kansa kafin mako biyu, hutu da lallashi sun isa.

Na biyu shi ne ciwon damuwa da na fargaba. Idan baƙin ciki ko mutuwar zuciya sun kai mako biyu, kusan kullum, har suna hana ta kula da kanta ko jaririn, to an fita daga na farko. Yana iya farawa tun tana da ciki, yana iya bayyana kowane lokaci cikin shekarar farko bayan haihuwa. Kada a ce ai an yi arba'in, an wuce wurin.

Na uku shi ne taɓuwar hankali ta jego, wadda ke samun mace ɗaya zuwa biyu cikin haihuwa 1,000, yawanci a makonni biyun farko. Ta daina barci sam, ta riƙa sambatu, tana jin muryoyi ko ganin abin da babu, ko ta dage cewa an musanya mata jariri. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini, a ranar za a kai ta babban asibiti.

Mataki na 2: Ki samar da wuri da lokaci

A nan yawancin ƙoƙari ke rushewa. Ɗakin awo cike yake, labule ne kawai tsakanin mace da sauran mata, ga uwar miji ko yayar miji tsaye a kanta riƙe da kati. Kika ce, "Yaya jikin?" kafin yarinyar ta buɗe baki an riga an amsa mata: "Lafiyarta ƙalau, shagwaɓa ce kawai." Idan haihuwar fari ce abin ya fi tsanani, domin kunya ba za ta bar ta ta yi maganar ɗan a gaban manya ba, balle ta ce ba ta jin daɗinsa.

Ki raba su cikin mutunci. "Inna, don Allah ki ɗan riƙe mana jaririn a waje, zan duba ta." Ba wanda ke jayayya da dubawa. Ki zauna, ki ajiye biro, ki gaya mata cewa tambayoyin da za ki yi kowace mace kike yi wa, kuma maganar ba za ta fita ba sai idan akwai haɗari ga ranta ko na jaririn.

Lokutan tambaya ba sai an ƙirƙiro sababbi ba. Ki tambaya a awon farko, ki sake a watannin ƙarshe na ciki, sannan a duban mako shida bayan haihuwa. Mata da yawa ba sa dawowa duban kansu, amma suna kawo jariri rigakafin mako 6, da 10, da 14, da na wata 9. A ganina teburin rigakafi shi ne wuri mafi dacewa da muke sakaci da shi.

Mataki na 3: Tambayoyin buɗe ƙofa

Akwai tambayoyi biyu da ake amfani da su a ƙasashe da dama. A cikin watan da ya wuce, kin yawaita jin baƙin ciki, ko karayar zuciya, ko fid da rai? A cikin watan da ya wuce, kin ji abubuwan da kika saba jin daɗinsu sun fita daga ranki? Ki ƙara biyu domin fargaba: kina yawan jin faɗuwar gaba ko rashin natsuwa? Idan tunani ya taso miki, yakan fi ƙarfinki har ki kasa tsayar da shi?

Da wuya mace ta ce miki "ina da ciwon damuwa". Abin da za ki ji shi ne: "Sista, kaina ne ke yi mini nauyi." "Jikina ba ƙwari." "Gabana ke ta faɗuwa." "Tunani ya yi mini yawa." "Ko jaririn ya yi barci ni ba na iya runtsawa." Wannan ta ƙarshen ki riƙe ta da kyau. Kowace maijego tana ƙarancin barci saboda jariri, amma wadda ta samu damar kwanciya idonta ya ƙi rufuwa, akwai abin da ke cinta. Haka wadda ke ta dawowa da ƙorafin ciwon jiki, an yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da taifot ba a ga komai ba.

Ki kuma san tarihinta, domin wasu sun fi shiga haɗari: wadda ta taɓa yin ciwon damuwa ko akwai taɓin hankali a danginsu, wadda ta yi ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai, ko 'ya'yanta ke rasuwa ana kiranta mai wabi, wadda ta sha wuyar naƙuda, ko jijjiga, ko aka yi mata tiyatar gaggawa, ko ta samu yoyon fitsari, ƙaramar yarinya mai cikin fari, wadda aka saka ko mijinta ya rasu tana da ciki, wadda rikici ya raba da garinsu. Ki tambaya kai tsaye ko ana dukanta ko tsorata ta a gida, kuma kada ki taɓa yin wannan tambaya a gaban miji ko danginsa. Ki tambaya ko tana shan wani abu don ta samu barci ko ta manta damuwa, irin su kodin ko tramadol, ba tare da kin ɓata fuska ba.

Mataki na 4: Ki auna da ma'auni

Idan ta amsa da "eh" ko da a tambaya ɗaya ce, sai ki ɗauko ma'auni. Wanda ya fi shahara shi ne ma'aunin Edinburgh, wato EPDS, wanda John Cox da abokan aikinsa suka wallafa a 1987. Tambayoyi 10 ne game da kwana bakwai da suka wuce, kowace tana da maki 0 zuwa 3, jimla 30. Yana tambaya kan dariya da ɗokin abin da ke tafe, da ɗora wa kai laifi, da fargaba da tsoro ba dalili, da jin abubuwa sun yi mata yawa, da rashin barci saboda ɓacin rai, da kuka, da tunanin cutar da kai. Da gangan aka cire gajiya da sauyin cin abinci, domin kowace mai ciki ko maijego tana da su.

Maki 13 zuwa sama yana nuna mai yiwuwa ne ƙwarai tana da ciwon, a yi mata cikakken bincike. Daga 10 zuwa 12, a ba ta tallafi a sake aunawa bayan mako biyu zuwa huɗu. Tambaya ta 3 da ta 4 da ta 5 su ne na fargaba, idan makinsu ya yi yawa ki kula ko da jimlar ba ta kai ba. Wasu asibitoci suna amfani da wasu ma'aunai, PHQ-9 domin damuwa da GAD-7 domin fargaba, kuma a dukkansu maki 10 zuwa sama ne ke nuna ana buƙatar mataki.

Idan ba ta karatu, ki karanta mata a hankali, kada ki ja ta zuwa wata amsa. Kuma ki sani maki ba shi ne hukunci ba. Mace na iya cin maki 5 saboda tana tsoron a ce ba ta gode wa Allah ba, alhali ga ta a gabanki ta rame, ba ta ko kallon jaririn. Idan idonki da takarda suka saɓa, ki bi idonki, ki sake kiranta.

Mataki na 5: Tambayar da ake jin nauyinta

Duk macen da ta ci ko maki ɗaya ne a tambaya ta 10 ta EPDS, wato ta tunanin cutar da kai, ba za ta bar ɗakin ba sai kun yi magana. Ki fara a hankali: "Akwai lokacin da kike jin gara ma ba ki da rai?" Idan ta ce eh, ki ci gaba: ta yi tunanin kashe kanta? Ta tsara yadda za ta yi? Abin yana kusa da ita? Ta taɓa gwadawa? Yin tambayar ba ya cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take ji cewa wani ya lura. Na san abu ne mai nauyi a al'adarmu da addininmu, kuma nauyin ne ke sa mace ta haɗiye maganar ita kaɗai. Ba lokacin wa'azin wuta ba ne.

Idan akwai shiri, ko ta taɓa gwadawa, ko alamun taɓuwar hankali: kada a bar ta ita kaɗai, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai ta asibiti a ranar tare da babban mutum daga dangi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen masu wannan larura. Ki tanadi lambar wayar wanda ya fi kusa da ke tun kafin buƙata ta taso.

Akwai wani abu da ya kamata ki bambance. Wata uwar za ta gaya miki, tana kuka, cewa wani mugun tunani ke faɗo mata, kamar ta ga jaririn ya suɓuce daga hannunta a bakin rijiya, har ta daina zuwa kusa da rijiyar. Wannan waswasi ne na fargaba. Tunanin yana firgita ta, tana gudunsa, kuma irin waɗannan mata da wuya su cutar da 'ya'yansu. Tana buƙatar bayani da magani. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta gaskata tunanin, take ganin umarni ne aka ba ta ko jaririn ba mutum ba ne.

Mataki na 6: Ki duba jiki kafin ki ce tunani ne

Ƙarancin jini yana kawo kasala da bugun zuciya, kuma ya yi yawa a tsakanin matanmu, a gwada. Ƙwayar nan ta wuya da ake kira thyroid, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, na iya rikicewa a watannin bayan haihuwa ya kawo fargaba ko kasala. Maijegon da ta rikice ga zazzaɓi, a fara tunanin ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa ko zazzaɓin cizon sauro ya hau kai. Mai ciwon kai da hawan jini, a yi tunanin jijjiga.

Sai wanda ya shafe mu musamman a Arewa: ciwon zuciya na jego, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka kuma danganta yawansa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta da shan kunun kanwa. Maijegon da ke haki, ba ta iya kwanciya rigingine, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, kada a ce mata fargaba ce. Likitan zuciya take buƙata.

Mataki na 7: Maganin da ba ƙwaya ba

Ga mai ƙaramin ciwo ko matsakaici, da wannan ake farawa, kuma yana aiki. A yankin karkarar Rawalpindi ta Pakistan an horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa zama da masu ciki da ke da ciwon damuwa. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa kashi 23 cikin 100 ne kawai ke da sauran ciwon, alhali a ɓangaren da ba a yi wa tsarin ba kashi 53 ne. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin a matsayin littafin horo mai suna Thinking Healthy. Waɗanda suka yi aikin ba likitocin ƙwaƙwalwa ba ne, ma'aikata ne irinki.

Ki fara da sanya wa abin suna. "Wannan ciwo ne da ke samun mata da yawa. Ba laifinki ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa." Za ki ga wata ta sauke ajiyar zuciya tun a nan.

Sai barci. A nema mata awa huɗu zuwa biyar a jere kowane dare ko da rana, wani ya riƙe jaririn, a kawo shi shan nono kawai. Al'adar zuwa wankan gida tana da amfani a nan, matuƙar gidan wurin hutu ne. Wahalar takan fara ne bayan arba'in, lokacin da 'yan barka suka watse, ta koma ɗakinta ga girki ga wanki ga sauran yara. A tsara wanda zai taimaka mata a wannan lokacin.

Sannan ku zaɓi ƙaramin abu ɗaya da za ta yi kullum ko da ba ta jin yi: fitowa tsakar gida ta sha hantsi, kitso, zuwa wurin maƙwabciyar da take jin daɗinta, 'yar sana'arta ta da. Mai ciwon damuwa tana jira ne sai ta ji daɗi ta motsa, alhali motsin ne ke jawo jin daɗin.

Ku yi aiki a kan tunanin da ke cinta, mataki uku: a gano shi, a auna shi, a musanya shi. Ta ce, "Ni ba uwar kirki ba ce, ko kukansa ba na iya tsayarwa." Ki tambaye ta wa ya shayar da shi yau, wa ya yi masa wanka, wa ya goyo shi zuwa asibiti. Ki bar ta ta faɗi sabuwar jimlar da bakinta: "Na gaji, amma ina kula da ɗana." Ta riƙa maimaita wannan aikin a gida duk lokacin da tunanin ya taso. Domin faɗuwar gaba, ki koya mata jan numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake shi a hankali tana ƙirga shida, na 'yan mintoci, safe da yamma. Ta rage goro da shayi mai kauri.

Addu'a da zikiri suna ƙarfafa zuciya, musamman a kwanakin jinin biƙi da ba ta salla, ki ƙarfafa mata gwiwa a kai. Idan dangi sun ce iska ce ko sammu, kada ki tsaya musu. Ki ce a ci gaba da addu'a, a kuma zo asibiti. Abin da ba za ki lamunta ba shi ne duka, ko ɗauri, ko turaren da zai shaƙe jariri, ko a hana ta maganin likita.

Mataki na 8: Lokacin da ake buƙatar ƙwaya

Idan ciwon ya yi tsanani, ko an yi makonni ana tattaunawa ba sauƙi, ko ta taɓa yin mai tsanani a baya, likita ko ma'aikacin da aka horar zai rubuta magani. Ciwon da ba a magance ba shi ma yana da illa ga ɗa, ana danganta shi da haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi da rashin girman yaro yadda ya kamata. Don haka ana auna haɗari biyu ne, na sha da na rashin sha.

Sertraline ne aka fi zaɓa ga mai shayarwa, domin kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono. Ana amfani da fluoxetine, sai dai ya fi daɗewa a jikin jariri. Amitriptyline yana da araha kuma ana samunsa, amma yana da haɗari idan aka sha da yawa, kada a ba wa mai tunanin kashe kanta shi ta ajiye. Ana guje wa paroxetine a farkon ciki. Valproate kuwa, wanda ake bayarwa domin farfaɗiya da wasu larurorin ƙwaƙwalwa, yana jawo nakasa ga ɗan tayi, duk mai shan sa da ke son ɗaukar ciki ta ga likita tukuna. Ƙwayoyin sa barci irin su diazepam da ake saya a kemis ba sa warkar da ciwon, sabo kawai suke sawa.

Kafin a fara, a tambaya ko ta taɓa yin kwanaki tana jin ƙarfi fiye da kima, ba ta buƙatar barci, ga surutu da ɓarnar kuɗi. Mai irin wannan tarihi maganin damuwa shi kaɗai na iya birkita ta, sai likitan ƙwaƙwalwa.

Ki yi mata bayani dalla-dalla, domin rashin bayani ne ke sa a watsar da magani. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga amfaninsa. A makon farko tana iya jin tashin zuciya ko ciwon kai, yana wucewa. Bayan ta warke za ta ci gaba da sha aƙalla wata shida, jagorar mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ma'aikatan lafiya a 2016 ma wata 9 zuwa 12 ta ce, kuma a hankali ake janyewa. Wadda ke kan magani ta ga ta samu ciki, kada ta daina da kanta. Wadda ta sha har ƙarshen ciki ta haihu a asibiti, domin wasu jariran kan yi ɗan karkarwa ko rigima na 'yan kwanaki.

Mataki na 9: Miji, dangi da bibiya

Da izininta, ki kira mijin. Shi ke ba da izinin fita, shi ke biyan kuɗin mota da na magani, idan bai fahimta ba aikinki zai tsaya a ƙofar asibiti. Kada ki fara da zargi. "Malam, maiɗakinka tana fama da wani ciwo da ke zuwa da haihuwa, yana da magani, kuma kai ne za ka fi kowa taimaka mata." Ki ba shi aiki takamaimai: ya samo mai taya ta aiki, ya tabbatar tana barci, ya kawo ta ranar da aka sa, ya hana masu gorin "wasu ma nema suke ba su samu ba". Idan shi ne tushen matsalar, mai duka ne ko mai tsoratarwa, to ki nemi wanda ta amince da shi a danginta, ki haɗa ta da sashen walwalar jama'a na asibiti.

Ki sa mata ranar dawowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ki kira ta a waya idan ba ta zo ba, domin rashin zuwan kansa alama ce. Ki sake auna ta da ma'aunin da kika fara da shi duk bayan mako huɗu. Idan makin bai sauka ba bayan mako shida zuwa takwas, ko ya ƙaru, ki tura ta gaba da takarda mai ɗauke da makin da magungunan da ta sha. Ki auna jaririn a kowane zuwa, ki kalli yadda take riƙe shi da yadda take amsa kukansa.

Bayan ta warke, ku yi maganar tazarar haihuwa, ki kuma rubuta tarihin a katinta inda ma'aikaciyar gaba za ta gani. Wadda ta yi ciwon damuwa a wannan haihuwa tana iya sake yi a ta gaba, wadda ta yi taɓuwar hankali ta jego kuwa haɗarinta ya fi girma sosai. Ita wannan ta ga likitan ƙwaƙwalwa tun cikin yana ƙarami, a tsara inda za ta haihu, da maganin da za a fara mata, da wanda zai kwana da ita a makonni biyun farko.